Kafin ka sayi nozul saboda ƙarar injin Hilux ɗinka

'Yan uwa masu Hilux ta dizal a nan Jidda da Makka, musamman masu injin 2KD da 1KD, wannan ƙarar kwas-kwas-kwas da mota ke yi da asuba in ka tada ta ka bar ta a silo, kamar ana buga ƙaramar guduma a kan ƙarfe, ta ci min kuɗi har sau biyu kafin na gane kanta.

Da farko ka tabbatar nozul ɗin ne, wato abin da ke watsa dizal cikin silinda, bakhakh kamar yadda ake cewa a warsha (gareji). Ƙarar nozul siririya ce mai kaifi, ta fi yawa in injin na da sanyi, in ya ɗau zafi sai ta ragu, wani lokacin har da hayaƙi da ɗan rawar jiki. Ta mital kuwa, wato ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kai, daga ƙasa take fitowa, mai nauyi, kana taka totur tana ƙaruwa, wannan kashe motar kawai za ka yi kar karanshaf ya tafi. Ka sa a jona mata kwamfuta a karanta maka gyaran man da take yi wa kowace silinda, in ɗaya ta wuce 3 sama ko ƙasa to akwai magana. Sannan a yi gwajin man da ke komawa baya, kwalabe huɗu a jere, kowace an jona ta da nozul ɗaya, wadda ta riga cika nozul ɗinta ne mai laifi. Kuma dan Allah kar ka bari yaron gareji ya sassauta fayif injin na aiki kamar yadda ake yi wa tsohon injin 5L, ƙarfin man nan ya haura bar 1,000, huda fata yake yi.

To in ta tabbata, me za ka saya?

Ni dai sabon nozul na kamfanin Denso na asali, daga wakala (babban dilan kamfani) ko dilan da aka san shi da wakilcin Denso, da fatura (rasit) da daman (garanti) a rubuce. Eh yana da tsada, huɗun sai ka ji a jikinka, amma Denso ne ya yi wanda motar ta fito da shi. Abin da mutane ba su sani ba, nozul ɗin nan kafin ya watsa babban man sai ya fara ɗiga ɗan kaɗan tukuna, wannan ɗigon ne ke sa wutar ta kama a hankali ba da bugu ba, in ya tsufa ya daina auna shi daidai sai ƙarar ta fito. Sabo na asali kowanne da lambarsa a ka, haruffa da lambobi 30, da za a shigar wa kwamfutar motar ta san halinsa. Ranar da aka sa min nawa aka shigar da lambobin, na tsaya gaban bonet da kofin shayi a hannu ina ta jiran kwas-kwas ɗin, shiru wallahi, sai kukan fanka kawai.

Wanda aka gyara a warshar nozul zan iya ɗaga masa ƙafa in aljihu ya yi rauni, amma sai an ɗora shi a injin gwaji a gabanka an ba ka takardar sakamako da sabuwar lamba. Na tashlih, wato wurin sayar da kayan motocin da aka farfasa, caca ce, ba ka san dizal ɗin da ya sha ba. Na China mai arha kuwa kar ma ka tambayi kuɗinsa.

Inda na ƙone shi ne jabu. Wani mai shago a sana'iyya (unguwar garejoji da masu kayan mota) ya ce min "Alhaji asli ne, kaya ne suka zo ta Dubai shi ya sa na sauƙaƙa maka", kwali fes, tambari fes, leda a manne, kusan rabin kuɗi. Sati uku ƙarar ta dawo har ta fi da, ga baƙin hayaƙi. Da bakanikena ya ciro su ya jera a kan tsumma sai ya ce "Malam zo ka gani", duka huɗun lamba ɗaya ce a kansu, harafi da harafi. Na koma shagon ya ce ai ba fatura, dizal ɗina ne mara kyau. Saboda haka ka buɗe kwalin tun a shago ka gwada lambobin da juna, ka duba bakin nozul ɗin ko akwai alamar an goge tsoho an yi masa wanka, ka duba zaren ko spana ta taɓa hawa. Masu talla a intanet da ke cewa "an cire daga mota sabuwa" su ma ka yi hattara, haka mai cewa ba sai an shigar da lamba ba, ko bai san aikin ba ko yana ɓoye wani abu. Kuma ka karɓi tsofaffinka a hannu, akwai garejin da ke wanke naka su mayar maka su ce sabo ne.

Wosha ta tagulla da ke zama ƙarƙashin nozul ita ma sabuwa za a sa, ta asali, musamman a 1KD, domin in tana yoyo hayaƙi na shiga baƙin mai ya daskare ya toshe rariyar famfon mai a cikin sam (kaskon mai na ƙasan inji), daga nan sai mital ya lalace. Ka ce a leƙa rariyar, a canza filtar dizal rana ɗaya da nozul ɗin.