Tsohon fil na ado mai tuntu: abin da na gani bayan na daɗe ina saka shi

Kyan fil mai tuntu a motsinsa yake. Nawa na daɗe ina amfani da shi, kuma har yau abin da ke sa hannuna ya tsallake sauran kayan adona ya ɗauko shi shi ne tuntayen nan guda uku da ke rataye a ƙasansa, waɗanda suke fara lilo da zarar na ɗaga ƙafa. Na gamsu da shi ƙwarai, amma yana da halayen da ya kamata duk mai sha'awar irinsa ta sani kafin ta kai shi gida.

Faifai ne zagayayye, faɗinsa kusan santimita 3, tsakiyarsa ta ɗan taso. An zana masa ganyayyaki da siraran layuka baƙaƙe. Ba fenti ba ne. Ƙarfen aka sassaƙa da ɗan zurfi, aka cika ramukan da garin gilashi baƙi, aka narkar da shi a wuta har ya zauna daram, shi ya sa idan na shafa yatsa ba na jin tudu ko kwari. Bakin faifan kuma an kewaye shi da murɗaɗɗiyar waya da ƙwayoyin zinariya ƙanana, waɗanda sai da gilashin ƙara girma na ga cewa kowace ƙwaya daban aka ɗora ta.

Wannan salon yana da asali. A shekarar 1836 aka buɗe wani tsohon kabari a Cerveteri, kusa da birnin Rum a Italiya, aka tarar da kayan zinariya na mutanen Etruriya, wata tsohuwar al'umma ta tsakiyar Italiya, da aka yi wa ado da irin waɗannan ƙwayoyi. Maƙeran gidan Castellani na birnin Rum suka duƙufa wajen kwaikwayon aikin, kuma bayan sun baje kayansu a babban baje kolin Landan na 1862 sai salon ya bazu, ƙananan maƙera a Ingila da Amurka suka ɗauka suna yi da kayan da suka fi sauƙi. Tsakanin 1860 da 1880, a tsakiyar mulkin Sarauniya Biktoriya ta Birtaniya wadda ta hau gadon sarauta a 1837 ta rasu a 1901, geza da tuntu sun mamaye komai: labule, kujera, bakin riga, har da ɗan kunne da fil. Duk alamun da ke jikin nawa suna nuna daga wannan tsakanin ya fito.

Ba shi da tambari ko ɗaya, kuma hakan bai dame ni ba, domin ƙananan kayan ado da yawa na wancan zamani haka suka fita ba hatimi. Na kai wa maƙerin zinariya ya gwada, ya ce mini falle ne na zinariya mai ɗan kauri aka matse a kan tagulla aka murza su tare. Irin wannan ya fi wanda aka tsoma a ruwan zinariya da lantarki juriya nesa ba kusa ba, ga shi kuwa bayan shekara kusan 150 wuri biyu kawai tagullar ta leƙo, a gefen da yatsa ke yawan kamawa. Wadda ta ci karo da wanda aka buga wa 15ct ko 625, ta san abu biyu lokaci guda: zinariya ce har ciki mai karat 15, ba falle ba, kuma a ƙa'idar Birtaniya an halatta wannan ma'auni ne a 1854, aka soke shi a 1932 aka maye gurbinsa da karat 14. Tambarin da kansa ya taƙaita shekarun.

Yanzu tuntun, wanda shi ne dalilin wannan sharhi. Kowane ɗaya yana da 'yar hula mai siffar ƙararrawa, daga cikinta siraran sarƙoƙi suka sauko, kowace sarƙa da ɗan ƙwallo a bakinta. Sarƙar saƙaƙƙiya ce, zobbanta lanƙwasassu ne an cusa wani cikin wani, don haka ido ba ya ganin rami a tsakaninsu, sai dai a ga zare ɗaya santal mai sheƙi. Idan na riƙe fil ɗin na karkata shi, tuntun yana zubowa gefe gaba ɗaya kamar ruwa daga bakin buta, babu sarƙar da ke tsayawa ita kaɗai. Ƙwallayen bakin nan su ne suke ba kowane zare nauyin da zai koma wurinsa bayan ya yi lilo. Kuma yana da sauti. Wani ɗan shuu ne mai taushi da ba wanda zai ji sai mai sanye da shi, idan wuri ya yi tsit. Ban taɓa gajiya da wannan sautin ba.

Tuntun tsakiya ya fi na gefe tsawo da kaɗan, kuma da gangan aka yi haka. Amma a tuntun hagu zare ɗaya ya rasa ƙwallonsa tun kafin ya zo hannuna, kuma wannan zaren shi kaɗai ne yake tashi ya hau kan 'yan uwansa. Daga nan na fahimci muhimmancin ƙirga zaren kowane tuntu da duba bakinsa ɗaya bayan ɗaya. Hoto ba ya nuna wannan, musamman idan an kwantar da fil ɗin an tattara zaren wuri guda. Mai saye daga nesa ta nemi a ɗauko mata hotonsa a rataye, a kuma ɗan girgiza shi a bidiyo. Saƙaƙƙiyar sarƙa idan ta karye ko ta lanƙwashe a tsakiya, gyaranta yana da wuya sosai, maƙera da yawa ma ba sa karɓar aikin, domin zobban sun yi ƙanƙanta kuma wuta kaɗan za ta narkar da su.

Bayan fil ɗin yana ba da labari fiye da gabansa. Allurar doguwa ce, tsininta ya wuce bakin faifan, kuma tana juyawa ne a cikin wasu 'yan bututu uku da aka jera. Inda take shiga ta tsaya ƙugiya ce kawai mai siffar harafin C, ba ta da makulli. Haka ake yin su kafin makullai masu juyawa su yaɗu a farkon ƙarni na 20. A tsakiyar bayan akwai ɗan gurbi mai murfin gilashi, wanda mutanen wancan lokaci suke saka silin gashin masoyi ko na mamaci a ciki. Wannan ɗabi'a ta ƙara ƙarfi bayan rasuwar Yarima Albert, mijin Sarauniya Biktoriya, a 1861, lokacin da sarauniyar ta shiga baƙaƙen kaya ta kuma ci gaba da saka su har ƙarshen rayuwarta. Gurbin nawa fanko ne, sai wani ɗan ƙyalle da ya koɗe. Nakan tsaya in dube shi in yi tunanin matar da ta fara mallakarsa.

Ƙugiyar nan ita ce babbar matsalarsa a wajen amfani, kuma ba zan ɓoye ba. An ƙera ta ne don yadi mai kauri, irin ulu da karan-miski da mata ke sakawa a lokacin, inda kaurin yadin ke tura allurar ta matse a cikin ƙugiya. A kan yadi marar nauyi allurar tana yin sako-sako, ga tuntu yana ja ƙasa yana lilo, sai ta zame. Ya taɓa faɗo mini, Allah ya taimake ni a kan darduma ya sauka, ba abin da ya same shi. Maganin da na samu mai sauƙi ne: ɗan guntun roba irin wanda ake toshe bayan ɗan kunne da shi, in zura allurar a yadi, in zura robar, sannan in maƙala a ƙugiya. Tun da na fara haka bai sake motsi ba. Wasu suna sa maƙeri ya cire tsohuwar ƙugiyar ya sa makulli na zamani. Ni ban yarda da wannan ba. Zafin walda yana iya fasa baƙin gilashin da ke gaba, kuma ƙugiyar tana cikin shaidun shekarunsa. Idan tsoro ya yi yawa, ƙaramar sarƙar tsaro da ake ɗaurawa a gefe ta wadatar.

Allurar kuma kauri ne da ita. A siliki ko shifon tana barin huji da ba ya rufewa, kuma nauyin fil ɗin yana jan yadin ya yi kumburi. Inda ya fi zama lafiya shi ne ƙirjin kwat, ko wuyan riga mai ninki biyu, ko mayafi mai kauri da aka naɗe. Idan dole ne a sa shi a yadi mai laushi, a ɗora wani ɗan ƙyalle mai kauri ta ciki allurar ta ratsa su tare. Leshi da saƙa mai ramuka kuwa a nisanta su da shi, domin ƙwallayen bakin tuntu suna shiga ramin su maƙale, kuma jan farko da za a yi shi ne zai tsinke zaren. Haka ma igiyar jaka da ake ratayawa a kafaɗa. A gefen da ba jaka nake saka shi.

Don a sami abin kwatance, ina da sarƙar wuya mai tuntu ɗaya babba da 'yan kunnenta na matsawa, daga wajajen 1970. A shekarun nan kamfanonin kayan ado na kwalliya a Amurka irin su Monet da Trifari da Napier sun yi tuntu da yawa, amma tawa ba ta ɗauke da sunan kowa. Tana da ƙarfi, ba ta tsoron ja, makullinta ba ya buɗewa da kansa, kuma ita nake ɗauka idan zan shiga cunkoso. Sai dai tuntunta ba ya zubowa yadda na tsohon yake yi. Zobbanta manya ne, suna harɗewa, sai na sa yatsa na tsefe su. Ruwan zinariyar ya fara gogewa a bayan wuya inda zufa ke taɓawa, kuma wurin yana sa ni ƙaiƙayi idan na daɗe da ita, abin da ake yawan samu idan akwai ƙarfen nikel a ƙarƙashin ruwan. 'Yan kunnen suna da kyau a ido, amma matsinsu da nauyinsu ba sa barin a wuni da su.

Akwai kuma irin na shekarun 1920, dogayen sarƙoƙin wuya da ke sauka har ciki, masu tuntun ƙananan lu'ulu'u, waɗanda suka yi tashe tare da salon ado da baje kolin Paris na 1925 ya yayata. Na riƙe ɗaya a hannu, kyanta ya isa, amma na ajiye. A zaren siliki aka shirya lu'ulu'un, kuma siliki mai shekara ɗari yana iya tsinkewa ba sanarwa. Sai an sake shirya ta kafin a saka, wanda aiki ne na masu haƙuri.

Kula da fil ɗin ba ya cin lokaci, amma yana da sharuɗɗa. Ba na sa shi a ruwa, saboda danshi zai shiga ƙarƙashin murfin gilashin da cikin hulunan tuntu, ya haifar da koren tsatsar da ke cin tagulla. Injin wanke kayan ado mai girgiza ruwa ma haramiyarsa ne, zai iya ɓamɓare gilashin. Buroshi mai laushi busasshe nake bi da shi daga hula zuwa bakin zare, sannan ƙyalle mai taushi a kan faifan, ba tare da man goge ƙarfe ba, don man yana cin fallen zinariyar a hankali. Turare kuma sai ya bushe a jiki kafin in maƙala shi. Wajen ajiya, soke shi nake yi a jikin ɗan matashi a tsaye, tuntayen su rataya. Idan aka jefa shi cikin akwati tare da sauran sarƙoƙi, zaren zai kwanta a lanƙwashe, kuma lanƙwasar saƙaƙƙiyar sarƙa ba ta cika miƙewa ba.

Abu na ƙarshe da zan ja hankali a kai shi ne tsohon gyara. A juya bayan fil a nemi wani toka-tokan dunƙule marar sheƙi kusa da ƙugiya ko inda tuntu ya haɗu da faifai. Dalma ce aka liƙa da ita, kuma tana ɓata zinariya, tana kuma hana a yi gyara mai kyau daga baya. A kuma kwatanta launin hulunan da na faifan. Idan sun sha bamban, mai yiwuwa tuntun daga wani ɗan kunne aka ciro aka haɗa.

Wadda take son abin da za ta maƙala kullum ta fita a guje, ta nemi na shekarun 1970, zai ɗauki wahala. Na zamanin Biktoriya na wadda za ta zaɓa masa yadi ne, ta toshe allurarsa, ta rataye shi idan ta dawo. Ni na ɗauki wannan ɗawainiyar da zuciya ɗaya, kuma yanzu ina neman maƙerin da zai iya mayar wa zaren hagun nan ƙwallonsa ba tare da ya kai wuta kusa da gilashin ba.