MiG-21 ko Mirage F1: wanne zai ɗauki tambarin Nijar?

Ƙanena da ke unguwar Birni, ka ce kana son haɗa ɗan jirgin yaƙi na roba a ma'aunin 1/72, ka shafa masa tambarin Nijar, ka ɗora masa makaman zamani, sannan ka rubuta masa tarihin ƙirƙira kamar ƙasarmu ta taɓa mallakarsa. Tambayarka ita ce wanne za ka sa a kawo maka daga Kano, MiG-21 ko Mirage F1. Ni dai Mirage nake ba ka shawara, amma MiG ɗin yana da wuraren da ya fi shi, kuma gara ka san su kafin ka fitar da jikkunanka.

A hannu, MiG-21 ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Jikinsa bututu ne miƙaƙƙe, fukafukansa masu kusurwa uku ne, ƙafafunsa taya ɗaya-ɗaya. Faɗin fukafukansa mita 7.15 ne, wato kamar santimita 10 a ma'auninka. Kamfanonin Eduard da Zvezda, masu yin irin waɗannan jiragen roba, duk sun yi shi, kuma ko kwalin bai samu ba, mai haƙuri zai iya sassaƙa shi da katako. Abu biyu kawai za ka kula: ka cusa ɗan darma cikin tsinin hancin kafin ka manne ɓangarorin jiki, don kada ya zauna a kan wutsiya, kuma zoben bakin shan iska ya fita sumul babu alamar gam. Mirage F1 ya ɗan fi shi girma, faɗinsa mita 8.4, tsawonsa ya haura mita 15 kaɗan, wato kusan santimita 21 a kan tebur. Wahalarsa tana ƙafafun baya. Kowace ƙafa taya biyu gare ta, a karkace take fitowa daga jiki, in ka manne ta da gaggawa jirgin zai tsaya yana ɗingishi. Na kamfanin Special Hobby ya fi kyan zane, tsohon na kamfanin Heller ya fi buƙatar samfefa.

Wajen sabuntawa ma MiG ɗin ba ya jin kunya, domin an yi masa ita da gaske. Indiya ta mayar da kimanin 125 zuwa samfurin Bison, da rada Kopyo da makamai masu linzami R-73 da R-77, ta yi aiki da su har Satumban 2025. Romaniya ta gyara 110 tare da kamfanin Elbit, ta kira su LanceR, ta ajiye su a 2023. A maket, wato ɗan jirgin robar, Bison ne ya fi nuna canji ga ido: gilashin kan matuƙi ya kumbura, na gaba ya zama falle ɗaya, ga akwatunan watsa tartsatsin ruɗar makami a gindin fukafukai. LanceR kuwa yawancin aikinsa a ciki yake, daga waje sai fenti da abin da ya rataya.

Inda MiG ya fara rauni shi ne labari, kuma a wannan sana'a labari ne rabin aikin. Duk wanda ya ɗauki jirginka zai tambaye ka: wa ya sayar mana, da wane kuɗi, don tsoron wa, kuma daga ina yake tashi? Najeriya ta karɓi MiG-21 a 1975, Mali ma ta samu nata, amma su suna da hulɗar makamai da Tarayyar Sobiyet tun kafin nan. Nijar ta zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, sojanta horon Faransa ne, yawancin kayanta na Faransa da Jamus. Kafin ka sa MiG a hannunta a wancan lokaci sai ka sake siyasar ƙasar gaba ɗaya, labarin ya yi nauyin da ɗan jirgin ba zai iya ɗauka ba. Sannan ga maganar mai. MiG-21 an ƙera shi ne ya tashi da sauri, ya tare maharin da ke kusa, ya dawo. Daga Damagaram zuwa Dirku ya haura kilomita 700 a miƙe. Jirgin da ba ya daɗewa a sama ba shi ne na gadin Kawar, yankin da Dirku take, ba. Hanya ɗaya da na ga za ta karɓu ita ce ka kawo labarin kusa, ka ce an sayo su kwance daga Yukren, tun da jiragen Su-25 biyu da Nijar ta samu a 2013 daga can suka fito.

Shi kuwa Mirage, tarihin gaskiya ya riga ya share maka fili. An fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, kuɗi ya shigo sosai a ƙarshen shekarun 1970 kafin farashi ya faɗi a farkon 1980. A ƙarshen 1980 sojojin Libiya suka shiga Injamena, hankalin Yamai ya tashi. Libiya kanta tana da F1, Maroko tana da shi, Faransa ta kawo nata Chadi. To ga ƙofa: ka ce a 1979, lokacin da aljihu ke cike, gwamnati ta yi odar F1 guda shida, aka girke su a Damagaram don tsaron gabas da arewa. Ƙarya ɗaya ke nan ka yi, sauran duk gaskiya ce ke riƙe da ita. Jirgin ma ya dace da wurin, domin fukafukansa a sama suke, yana sauka a hankali fiye da Mirage III, kuma samfurin F1C-200 yana da bututun shan mai a sama a gaban gilashi. Wannan ɗan bututun, in ka manna shi, shi kaɗai ya amsa tambayar Dirku.

Sabuntawarsa hanya biyu ce, kuma duka an taka su. Maroko ta gyara 27 nata zuwa MF2000, da rada RC400, makamai MICA da na'urar saiti Damocles. In labarinka ya tsaya wajen 2012, wannan za ka bi. Ta biyun ce ta fi burge ni. Afirka ta Kudu, bayan takunkumin makamai ya raba ta da kayan Faransa, ta gwada sa wa F1 injin Rasha SMR-95, ɗan gidan RD-33 na MiG-29, a madadin Atar 9K-50, jirgin ya tashi a 1994. Tun da sojojin Faransa sun bar Nijar a Disamban 2023, kana iya cewa kayan gyara sun yanke, aka nemi injin Rasha da R-73. A aikace, za ka yanke bakin fitar wutar Atar, ka sa na MiG-29 na ma'auni ɗaya, ka cike gurbin, ka goge har haɗin ya ɓace. Wanda ya san jirage, da ya leƙa bayan zai gane labarin tun kafin ya karanta katin tarihin da ka rubuta.

Kada ka wuce gona da iri wajen rataye-rataye. Tankin mai ɗaya a ƙarƙashin ciki, makami biyu ko huɗu, sun isa. Jirgin ƙasa mai ƙaramin kasafi ne.

Tambari kuma ka kula. Na Nijar kore ne a waje, fari a tsakiya, ruwan lemo a cibiya. Na Indiya launukan ɗaya ne amma a juye, lemo a waje, kore a ciki, don haka sitikar Bison ba za ta yi maka ba ko da MiG ka zaɓa. Ka yanka da'ira uku a tef, ka fara da fari. Fentin jiki ya zama ruwan yashi da ƙasa-ƙasa a sama, shuɗi mai haske a ƙarƙashin ciki, ka ɗan kwashe launin doron jirgin kamar rana ta ci shi. Da hunturu ka yi fenti da sassafe, ka kife roba a kai nan take, in ba haka ba ƙura za ta zauna masa. Kuma kada ka bar kwalin a ɗakin kwano cikin watan Afrilu, fukafukan F1 sirara ne, suna lanƙwashewa.

In wannan ne maket ɗinka na farko, kuma Mirage bai samu a Kano ba, ka haɗa MiG da tambarin Najeriya na gaskiya don hannunka ya faɗa, ka ba mai zuwa Yamai ko mai dawowa daga waje saƙon F1. Labarin 1979 ka fara rubuta shi tun yanzu, shafi ɗaya, da lambar kowane jirgi da shekarar da aka canza masa inji, ka kawo mu duba ranar Lahadi bayan la'asar.