Fentin mai ko fentin ruwa mai kaushi: wanne ya fi wa akwatin sifika?

Fentin mai baƙi shi ne mai araha, kuma ba ya wuyar samu a Sabon Garin Zariya. Yana sheƙi, amma sheƙin nan ne ke tona duk wani ƙarce ko ramin ƙusa. Kowane shafi yana son kwana guda kafin a ƙara na biyu, kuma da hunturu ƙurar Zariya takan manne masa tun yana ɗanye. In aka yi masa kauri, sama ta bushe ƙasa ba ta bushe ba, sai ya yamutse.

Fentin ruwa mai kaushi, irin su DuraTex, ya fi tsada, amma shi ya dace da sifikar da ake lodawa a keke zuwa gidan biki. Da rola mai soso ake shafa shi, shafi 2, ana barin awa 1 zuwa 2 tsakani. Kaushinsa yana ɓoye tabo, kuma inda ya goge sai a ɗan taɓa wurin kawai.

Ko wanne aka zaɓa, a cire sifikar, a cike ramuka, a goge da samfefa mai lamba 120. Gefen katakon MDF, wato wanda ake yi da matsattsen garin katako, yana shan fenti sosai, a fara shafa masa firaima, wato shafin farko da ake yi kafin ainihin fentin. Fentin ruwa kan tsohon fentin mai da ba a goge ba kuwa ɓarewa yake yi.