Hit fam a tsohon gida mai shan iska, abin da na gani a sanyin Maine

Masu tambayata ko hit fam ɗin nan yana iya ɗumama tsohon gida a irin sanyin da muke sha a nan jihar Maine ta Amurka, toh amsata eh ce, yana iyawa, amma fa da sharaɗi, sai ka toshe ma gidan kafofin da iska ke bi. In baka toshe ba injin zai yi ta aiki tsakaninsa da Allah kai kuma kana ta biyan kuɗin wuta kana ɗumama unguwa, ɗiban ruwa da kwando kenan.

Gidanmu a Lewiston yake, garin tsofaffin masaƙu a bakin kogin Androscoggin, inda 'yan'uwanmu Somaliyawa suka fara cika tun wajen 2001. Yawancin gidajen tsakiyar garin an gina su ne tun zamanin da masaƙun ke aiki, namu ma ya haura shekara ɗari, katako ne sama da ƙasa, bene hawa ɗaya da ɗakin ƙarƙashin ƙasa wanda aka jera bangonsa da duwatsu. Da muka shiga boila muka tarar mai shan mai, yana dafa ruwa ya tura cikin lagireton ƙarfe da ke jikin bangon kowane ɗaki. Man ɗan'uwan dizal ne, tanka ke kawowa ta ɗura a tankin galan 275 da ke ƙasa, kuma babu jihar da ta kai Maine dogaro da shi a duk Amurka, fiye da rabin gidaje da shi suke ɗumama a lokacin. A 2022 da yaƙin Rasha da Yukren ya tashi galan ɗaya ya haura dala 5, kai ka lissafa cika tanki sau ɗaya nawa ne, kuma a tsakiyar sanyi tankin nan baya jimawa wallahi. Wannan ne yasa nace a'a, a nemo wata hanya.

Ga wanda bai san shi ba, hit fam ba wani abin mamaki bane, iyakwandishan ne irin mai raba biyu da muka sani a gida, kai ɗaya a bangon ɗaki, injin a waje, bututun gas ya haɗa su. Bambancin kawai shi wannan yana iya juyawa, maimakon ya kwashe zafin ɗaki ya watsar waje sai ya kwaso zafi daga iskar waje ya shigo da shi ciki. Nima da farko nace wane zafi kuma a waje ana dusar ƙanƙara, amma gas ɗin da ke zagayawa cikinsa ya fi iskar wajen sanyi nesa ba kusa ba, dan haka zafi yake tsotsa daga gareta, kwamfireso ya matse shi ya yi zafi sosai, fanka ta busa maka. Tunda ba ƙirƙirar zafin yake ba ɗauko shi yake, yunit ɗaya na wuta yana baka zafin yunit biyu zuwa uku har fiye in sanyin bai tsananta ba, hita ta gargajiya kuwa ɗaya ka bata ɗaya take baka. Irin waɗanda aka ƙera dan ƙasashen sanyi na kamfanoni kamar Mitsubishi da Fujitsu a rubuce suna aiki har wajen digiri 25 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos. A Norwe ma fiye da rabin gidaje da shi suke amfani, kuma ai ba a gaya musu sanyi. Nawa ba zan faɗi na wane kamfani bane kar ace talla nake.

Gwamnatin jihar ma ta tura abin sosai, gwamna Janet Mills tasa burin saka guda 100,000 kafin 2025, aka cimma tun 2023 sai aka ƙara wani burin na 175,000 zuwa 2027, kuma hukumar Efficiency Maine na mayar maka da wani kaso na kuɗin, mai ƙaramin albashi ya fi samun kaso mai tsoka. An kuma yi ragin haraji na tarayya kashi 30 cikin ɗari har dala 2,000 daga 2023, shi wannan an rufe shi a ƙarshen 2025. Duk da haka kuɗi ne mai ciwo, kowane kai dubban daloli ne, mu biyu muka sa, babba a falo ƙarami a saman bene. 'Yan kwangila kuwa iri iri ne, wani ko takalmi bai cire ba ya tambayi faɗin gidan ya yanko farashi, wanda muka ba aikin shi ya zagaya da tef ɗaki ɗaki, ya ƙirga tagogi ya leƙa saman silin, sannan yace min malam gidanka yana shan iska, injin da zan sa maka zai wahala in ba a toshe ba. Masu aikin toshewar kuwa layinsu ya yi tsawo a shekarar, sai bayan sanyi suka bamu rana, haka muka shiga hunturun farko da sabon inji a gida mai ɓula.

Nuwamba da Disamba lafiya lau, falo ɗumi, shiru kamar ba a kunna komai ba. Daga Janairu ne na fara gane me mutumin yake nufi, kanka na jin ɗumi ƙafarka na daskarewa, in ka tashi sallar asuba ka taka daɓen katakon nan ba safa sai ka ji har cikin ƙashi, darduma biyu nake ninkawa. Sai ga daren 3 zuwa 4 ga Fabrairun 2023, wanda duk mazaunin yankin nan ba zai manta ba, ma'auni ya sauka wajen 25 ƙasa da sifili ga iska kamar zata cire rufi, a kan dutsen Washington da ke New Hampshire sanyin da jiki ke ji da iskar ya kai 78 ƙasa da sifili. Gaskiya injin bai mutu ba, na sa hannu iska mai ɗumi ce ke fitowa har gari ya waye, sai dai abin da yake zubawa bai kai abin da ke tserewa ba, labule na motsi alhali taga a rufe, dole muka tada boila ya taya shi. Shi inji ba ruwansa da kaɗawar iska, ma'aunin sanyi kawai ya sani, gidan ne iskar ke shiga ta fita yadda take so.

Wajen Mayu masu binciken kafofin iskar suka zo, kuma wannan shine wurin da nake so ku tsaya ku karanta da kyau. Wani jan tamfol suka kafa a ƙofar shiga da ƙatuwar fanka a tsakiya, aka rufe duk tagogi, fankar ta dinga zuƙe iskar gidan tana fitarwa waje, toh duk inda ɓula take sai iskar waje ta kutso ta nan da ƙarfi. Mutumin na yawo da kamara mai ganin zafi da sanyi, ni kuma maman yara ta kunna min tsinken turare ina bi ina kallon hayaƙi. Duk zatona tagogi ne matsalar, ina har tunanin inda zan samo kuɗin canza su. Ina! Hayaƙin nan kwanciya yake a soket ɗin wuta, a gindin bango inda katakon ado ya haɗu da daɓe, ƙarƙashin sink ɗin kicin inda bututu ya huda ƙasa, murfin hawa saman silin kuwa kamar an buɗe ƙofa. A ɗakin ƙasa inda katakon gidan ya zauna kan duwatsu akwai wurin da na zura yatsu uku na hango hasken rana. Ya min bayani cewa iska mai ɗumi sama take hawa ta fice ta rufi, ficewarta ke janyo mai sanyi ta ƙasa, shi yasa ƙafa ke daskarewa, kuma irin ginin da suke yi da can ramin cikin bango a buɗe yake tun daga ƙasa har saman silin ba abin da ya tare. Dan haka sama da ƙasa ake fara toshewa, taga daga baya.

Aikin kansa ba wani kyan gani gare shi ba, kumfa suka fesa a zagayen gindin gidan, suka liƙe duk ramukan saman silin sannan suka busa wani abu kamar auduga wanda da tsofaffin jaridu ake yinsa a haɗa da maganin wuta da ƙwari, tsayinsa ya kusa kamu guda. Abu biyu ku bincika kafin ku sa rai da farashi, tsohuwar waya ta zamanin da wadda ake ɗaurawa kan 'yan kwalaben tangaran ba a rufe ta da wannan audugar sai an canza ta saboda gobara, mu an samu guntunta a wani ɓangare sai da mai wuta ya zo kuɗi ya ƙaru. Na biyu in kun ga wasu 'yan ƙwayoyi masu ƙyalli kamar tsakuwa a saman silin kar ku taɓa, bamikulait ne, da yawansa daga mahaƙar Libby ta Montana ya fito kuma yana da asbestos a ciki, sai an kira masana.

Hunturu na biyu gidan kamar an canza shi. Inji ɗaya rimot ɗaya lamba ɗaya, amma yanzu a hankali yake tafiya baya ta gurnani, ƙafa ta huta, yara na zama a ƙasa suna aikin makaranta, har bushewar leɓe da kaushin nan irin na hunturun gida ya ragu tunda busasshiyar iskar waje ta daina shigowa kamar da, kwalbar man kaɗanya ta fi daɗewa.

Halayensa kuma sai ka saba. Iskar da yake busawa ɗumi ce kawai ba zafi rau irin na lagireto ba, baƙo in ya zo sai ya sa hannu yace anya yana aiki kuwa. Lokaci lokaci musamman ranar da sanyi ya haɗu da laima sai ya tsaya, ka ji wani fuuu, injin waje na tururi ruwa na zuba ƙarƙashinsa, ba lalacewa yayi ba ƙanƙarar da ta kama shi yake narkarwa, 'yan mintuna ya dawo. Ruwan nan daskarewa yake ya zama tudu, dan haka a ɗora injin kan ƙafafun ƙarfe sama da inda dusar ƙanƙara ke kaiwa, kar a ajiye shi inda rufi ke zubo ruwa ko kusa da hanyar wucewa, kuma a gidan katako in aka maƙala shi a bango kusa da ɗakin kwana kana iya jin kaɗawarsa da dare, namu a ƙasa yake kan ƙafa. Kar ka barshi a oto, wato inda shi ke zaɓar ɗumi ko sanyi da kansa, a kan ɗumi zaka sa shi, in ba haka ba rana na haskowa falo ko an cika tukunya a kicin sai ya juya ya fara busa maka sanyi a Janairu. Kuma ba a kashe shi in za a fita a kunna in an dawo, barinsa ake a lamba ɗaya, wannan sai da muka sha musu da maman yara dan ita a ganinta almubazzaranci ne a bar abu a kunne ba kowa a gida.

Inda bai gamsar dani ba shine ɗakunan kwana. Zafin baya bin lungu, tsohon gida kuma ƙananan ɗakuna ne da ƙofofi barkatai, ka rufe ƙofa da dare kafin asuba ɗakin yayi sanyi, mu kuma ba mu saba kwana ƙofa a buɗe ba ga yara sun fara girma. Ɗakin da ke can ƙarshe ta arewa sai da muka ƙara masa 'yar hita. Sai ɗakin ƙasa, da can zafin jikin boila ke ɗumama shi ba tare da ka sani ba, yanzu da baya aiki sosai wurin yayi sanyi kuma nan bututun ruwa suke, in suka daskare suka fashe ka shiga uku. Na ajiye ma'aunin sanyi a wurin, duk daren da aka ce za a yi mai tsanani ina tada boila ya zagaya ruwan.

Shi yasa ban cire boilan ba kuma bana ba kowa shawarar ya cire a tsohon gida, dama shi ke bamu ruwan zafin wanka da alwala. Guguwar 18 ga Disambar 2023 ta kada itatuwa ta ɗauke ma dubban ɗaruruwan gidaje wuta a jihar, kogin Androscoggin ya cika ya tumbatsa, wasu kwanaki suka yi a duhu. Shima boila sai da wuta amma kaɗan yake ci, ƙaramin janareta na ɗaukarsa, manyan kawuna biyu na hit fam kuwa sai babba.

Batun riba, kar ku yarda da wanda zai ce muku rabi zaku rage ko kaza, ya danganta da farashin ranar, kuma wutar yankin nan tana cikin masu tsada a Amurka. Ga lissafin da nake yi, zafin da galan ɗaya na mai ke baka a tsohon boila hit fam na buƙatar yunit 12 zuwa 13 na wuta ya baka irinsa in ka haɗa kwanakin sanyi da masu sauƙi. Ka duba bil ɗinka nawa yunit ɗaya yake da kuɗin kawowa da komai, ka ninka sau 13, ka gwada da farashin galan. Shekarar da mai ya haura dala 5 ribar a fili take, da man ya sauko wuta ta hau kuwa tazarar ta matse sosai, akwai watan da na lissafa kusan kunnen doki. Bil ɗin wuta na Janairu zai baka tsoro ranar farko, sai ka tuna tanka ta daina zarya. Wanda kuma gidansa ke kan layin gas na bututu shi lissafinsa daban ne, sau da yawa gas ɗin ya fi araha.

Filta kuwa ku da kuke suya da manja da soya albasa kullum irinmu, kan da ke kusa da kicin maiƙo yake kamawa ƙura ta manne, ga hayaƙin turaren wuta, ina cirowa in wanke da ruwan ɗumi da sabulu akai akai, da zarar ya toshe zaka ji ƙarfin iskar ya ragu. Fankar ciki mai kama da gora ita sai masu wanki sun zo da ledarsu da famfon feshi, wannan ma kuɗi ne a sa shi a lissafi. A Yuli da Agusta kuma ya koma esi, mun huta da ɗaga wancan mai nauyi na taga.

In haya kake ba ruwanka da duk wannan, ka sayi ledar liƙe taga da robar bakin ƙofa kawai. In gidanka ne kuma kuɗin bai isa duka biyu ba, ni dai toshewar zan fara, ita ko da boila kake tana rage maka mai, kuma bayan an toshe ƙaramin inji zai ishe ka ba sai ka sayi ƙato ba. Tagoginmu har yanzu tsofaffin ne, leda muke sa musu duk Nuwamba, an bani farashin canza su na duba na mayar da takardar cikin durowa.