WhatsApp ko Facebook: Wanne Zai Fi Tarbar 'Yan Garinmu a Birnin Kano?

Malam Sakatare, na ga tambayar da ka ajiye mana tun daren Juma'a, inda ka ce tunda an kammala girbi kuma samarinmu sun fara ɗaure kaya za su tafi cin rani, wanne ya kamata ƙungiyarmu ta buɗe domin tarbar sababbin zuwa birnin Kano, zauren WhatsApp ko kuwa rukunin Facebook. Na jinkirta amsa ne domin na ga kowa yana yabon wanda ya saba da shi, alhali kuwa kamfani ɗaya ne ya mallaki duka biyun tun shekarar 2014, lokacin da Facebook ya sayi WhatsApp, kuma babu wanda zai ba mu lada don mun fifita ɗaya. Abin da ya kamata mu auna su da shi shi ne halin da yaron yake ciki a ranar da ya sauka.

Mu ɗauki yaron da ya taso daga ƙauyenmu na ƙasar Ringim da hantsi, mota ta lalace a hanya, bai isa tashar Yankaba ba sai bayan sallar magariba. Yana riƙe da buhu mai ɗauke da kayan sawa da ɗan garin kwaki, cajin wayarsa ya yi ja, kawun da aka ce zai tarbe shi kuma lambarsa ba ta shiga. Tun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birni, saboda haka sai A Daidaita Sahu, shi kuwa bai san ko Kurna da Rijiyar Lemo hanya ɗaya ce ba, balle ya san kuɗin da ya kamata ya biya. A wannan lokaci buƙatarsa ba ta wuce uku ba: wanda zai amsa masa yanzu, wurin da zai kwana, da mutumin da zai tsaya masa gobe a gaban mai shago ko mai gareji.

A nan WhatsApp ya yi wa Facebook fintinkau. Yaron zai danna ya yi magana da bakinsa, "Salamu alaikum, ni ne ɗan gidan wane, ga ni a Yankaba," kuma kafin wayar ta mutu saƙon ya shiga aljihun duk ɗan garinmu da ke Kwari, Singa, Dawanau da Ƙofar Ruwa. Kada mu raina wannan saƙon murya, domin da yawa daga cikin masu tafiya cin rani karatun allo suka yi, rubutun boko yana yi musu nauyi, wasu dattawan da za su ba da masaukin ma ba sa rubutawa sam. Murya kuma tana ɗauke da shaidar da rubutu ba ya ɗauka, saboda wanda ya girmi yaron zai ji karin harshen garinmu, ya tambaye shi sunan kakansa da unguwarsu, cikin minti biyu ya gane ko na gida ne. Haka nan saƙon yana lallaɓawa ya wuce ko da sabis ya yi rauni, abin da duk wanda ya taɓa hawa tudun bayan makaranta yana ɗaga waya sama ya san darajarsa.

Idan yaron nan a Facebook ya rubuta, to sai wanda Allah ya sa ya buɗe a wannan lokaci, kuma ko ya buɗe ba lallai ne rubutun ya fito masa ba, tunda manhajar ce take zaɓar abin da za ta nuna wa kowa. Yana iya samun amsa goma masu kyau da safe, bayan ya riga ya kwana a kan benci.

Sai dai WhatsApp yana da ciwon mantuwa, kuma wannan ciwo ne da ba a ganinsa sai zaure ya kwana biyu. Wanda aka shigar yau ba ya iske hirar da aka yi watannin baya, sai abin da wani ya ga dama ya tura masa. Saboda haka tambaya ɗaya za a yi ta maimaitawa duk mako: nawa ake kama ɗaki a Rimin Kebe ko Ɗorayi, me ake ba dillali, ina ake yankar kati a Asibitin Murtala, da wace takarda ake zuwa Asibitin Malam Aminu Kano, wa ya san mai ɗaukar yara a Farm Centre su koyi gyaran waya. Mutanen kirki za su amsa sau ɗaya, su amsa sau biyar, a na goma su yi shiru. Ana iya maƙala muhimmin saƙo a saman zaure, amma wa'adinsa ba ya wuce kwana 30, sai an sake maƙalawa. Ga kuma ambaliyar barka da Juma'a, hotunan 'yan takara da sanarwar ɗaurin aure, waɗanda suke binne cigiyar mai neman taimako kamar yadda yashi yake binne shuka. Wanda wayarsa ta cika yakan goge komai gaba ɗaya, har da bayanin da zai buƙata gobe.

Facebook kuwa rumbu ne. Abin da aka rubuta bana yana nan baɗi, kowace tambaya da amsoshinta a ƙarƙashinta ba su cakuɗa da na wata ba, kuma sabon shiga zai iya rubuta kalmar "haya" a wurin bincike ya karanta duk abin da aka taɓa faɗa. Ɗalibin da ya samu gurbi a Jami'ar Bayero, ko ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki yana da wata guda na shiri, wannan rumbu zai fi yi masa amfani nesa ba kusa ba. Masu kula da rukuni suna iya tace kowane rubutu kafin ya fito, wanda hakan yake kashe tallan siyasa tun daga tushe. Akwai kuma Facebook Lite ga mai ƙaramar data. Amma rumbu sai da mai zuba hatsi, kuma a gaskiya ban ga mutum biyar a cikinmu da za su zauna su rubuta dogon bayani a kai a kai ba.

Batun da ya fi damuna shi ne amana. A zauren WhatsApp kowa yana ganin lambar kowa, wanda alheri ne idan duk 'yan gida ne, masifa kuma idan baƙon ido ya shigo. Na ga wannan da idona a wani zaure da muka taɓa buɗewa na tsofaffin ɗalibai. Wani daga cikinmu, da kyakkyawar niyya, ya tura mahaɗin shiga, wato link ɗin da ake dannawa a shiga zaure, zuwa wani wuri, sai ga mutumin da babu wanda ya san shi yana sallama da ladabi, yana kiran kowa "ranka ya daɗe". Bayan mako biyu ya sanar cewa wani kamfani yana ɗaukar leburori, a tura kuɗin fom kafin Litinin. Ɗan ƙanwata yana cikin waɗanda suka tura, kuɗin da ya samu daga sayar da buhun riɗi ne, ranar Litinin kuwa lambar ta daina shiga. Abin da ya fi ciwo shi ne mutumin ya riga ya kwashe lambobin matan da ke zauren, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da kira. Tun daga ranar na daina yarda da zauren da ake shiga ta mahaɗi.

Facebook ba ya fallasa lambar waya, kuma ana iya mai da rukuni na sirri, a ajiye wa mai son shiga tambayoyi har uku kafin a karɓe shi. Sai dai a can ma suna da hoto ba su da wuyar ƙirƙira, kuma wanda ya iya ƙarya zai amsa tambaya uku ba tare da ya yi gumi ba. Ƙofar da na sani mai ƙarfi ita ce wadda kakanninmu suka yi amfani da ita tun zamanin fatauci, wato baƙo ba ya sauka sai a hannun mai masauki, mai masaukin kuma shi ne yake ɗaukar nauyinsa idan magana ta taso. Wannan tsari ya fi zama daram a WhatsApp, saboda lambar da take tona asirin mutum ita ce kuma take ɗaure shi da wani gida da muka sani.

Game da yawan jama'a, zauren WhatsApp yana ɗaukar mutum 1,024, na Facebook kuwa ya ninka haka nesa. Wani ya ambaci Telegram mai ɗaukar 200,000, amma mu da ko an tara 'yan garinmu na birni gaba ɗaya ba za su cika zaure ɗaya ba, wannan ba damuwarmu ba ce.

Ra'ayina, Malam Sakatare, shi ne mu fara da WhatsApp, kuma mu fara da kaɗan. A rufe mahaɗin shiga, a kunna tsarin da sai masu kula sun amince kafin kowa ya shigo, kuma kada a shigar da mutum sai wani ɗan ƙungiya ya ambaci sunansa da gidansu ya ce ya tsaya masa. Tun 2022 WhatsApp ya ba da damar tara zauruka da yawa a ƙarƙashin inuwa ɗaya, don haka za mu iya ware zauren cigiya da masauki, wanda ba a gaisuwa ko talla a cikinsa, mu ware na hira inda kowa zai yi barka da Juma'arsa, sannan mata su samu nasu a hannun iyayenmu mata da ke aure a birni. Duk sanarwar aikin da aka ce a biya kuɗi kafin a ga wurin da ido, a goge ta nan take ko daga bakin wa ta fito. Facebook kuma mu jinkirta shi zuwa bayan wannan rani, lokacin da tambayoyin da aka fi maimaitawa za su nuna mana abin da ya cancanci a rubuta a adana, idan an samu ɗalibai biyu da za su ɗauki aikin.

Saura waɗanda ko ɗaya daga cikin biyun ba zai kai gare su ba, wato masu ƙaramar waya ta madannai, kuma ina kyautata zaton su ne suka fi buƙatar tarba. Kafin a buɗe komai, ina roƙon a samo mutum ɗaya a kowane ɓangare, Yankaba, Sabon Gari, Dawanau, Kurna da Sharaɗa, wanda ya yarda a kira shi ko da tsakar dare. A rubuta lambobinsu a takarda, a bai wa mai unguwa kwafi ɗaya, liman ɗaya, a liƙa ɗaya a shagon cajin waya na bakin tasha, inda kowane matafiyi yake tsayawa kafin ya hau mota. Ni zan tuntuɓi na Yankaba da na Dawanau kafin taronmu na ranar Lahadi, in Allah ya yarda.