Sharhi: Motorcraft XL-3, ƙaramar kwalbar sinadarin man aksul da ta raba Hilux ɗina da kakkarwa a kwana

Kwana uku bayan an juye mini man aksul na baya, motata ta fara wani hali da ban san ta da shi ba. A miƙaƙƙen titi lafiya lau take tafiya. Amma da zarar na karya kwana a hankali, musamman wajen shiga ƙofar gida ko juyawa a cikin kasuwa, sai bayanta ya kama kakkarwa, ana jin "gur-gur-gur" har cikin kujera, kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Da safe abin da sauƙi, in ta yi tafiya mai nisa ta ɗau zafi sai ya tsananta.

Hilux ce ta 2008, da ita nake kai taki da ɗauko amfanin gona, don haka hankalina ya tashi. Wanda ya juye man ya ce boris ne, wani ya ce farfela. Sai da na kai ta wurin wani dattijon bakanike, ya sa aka ɗaga tayoyin baya biyu a jak, aka cire giya, ya juya taya ɗaya da hannu. Ɗayar ta bi ta, gefe guda suka juya tare. Ya ce, "Alhaji, da aksul ɗinka na gama-gari ne, da waccan baya za ta yi. Wannan mai faranti ne. Wane mai aka zuba?" Ya goge tukunyar aksul da tsumma, sai ga ragowar takarda a manne da haruffan LSD a jiki, wato aksul mai rage zamewar taya. Shekara huɗu ina da motar, laka ta rufe ta.

A kwana, tayar waje tana cin tafiya fiye da ta ciki, dole aksul ya bar kowace ta juya da nata gudun. Na gama-gari yana yin haka ba gardama, illarsa kawai in taya ɗaya ta faɗa taɓo sai ta yi ta wulwulawa, ɗayar na tsaye. Mai faranti kuwa an jera masa siraran farantai a ciki, irin na kulochi, a matse, suna riƙe ɓangarorin biyu don tayar da ke kan ƙasa mai ƙarfi ta samu rabonta. To a kwana ana so farantan nan su zame a kan juna sumul. In man ba shi da sinadarin da ke tausasa gogayya, sai su kama, su saki, su kama, su saki, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Kakkarwar da nake ji ke nan, kuma duk lokacin da ta yi, farantan ne ke cinyewa.

Man da aka zuba mini 80W-90 ne, GL-5, kuma ba jabu ba ne. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, GL-5 yana nuna ƙarfin man wajen kare haƙoran giya ne kawai, bai ce komai a kan farantai ba. Wanda ya dace da farantai za ka ga an ƙara LS ko LSD a jikin galan, kuma irin sa Toyota ta ce a zuba wa wannan aksul.

Ban samu mai LS a ranar ba, amma na samu Motorcraft XL-3, sinadarin da Ford ke sawa a aksul ɗinta mai faranti da ake kira Traction-Lok, irin na a-kori-kurar F-150. Kwalbar oza 4 ce, wato mililita 118, ba ta kai rabin kofin shayi ba. Da na riƙe ta a hannu ban yi zaton za ta yi wani tasiri a cikin mai sama da lita biyu ba.

Dattijon ya fara kwance notin sama kafin na ƙasa, don kada a zubar da mai sannan a tarar ramin zubawa ya ƙi buɗuwa. Maganaɗisun da ke jikin notin ƙasa ya fito da laushin garin ƙarfe baƙi, amma babu ɓarɓashi, ya ce mun zo da wuri. Ya fara tsiyaya sinadarin, sannan ya bi da sabon mai har ya taɓo bakin rami. Wari gare shi mai hawa kai, kamar yadda duk dangin man giya suke, kada ka bari ya taɓa rigar da kake so. Daga nan muka tafi filin ƙwallo, na yi ta zana lamba 8 da motar a giya ta ɗaya, kamar sau goma, don man ya ratsa tsakanin farantan. A zagaye na shida ƙarar ta ragu sosai. Bayan kwana biyu na zirga-zirga ta ɓace gaba ɗaya.

Wata takwas ke nan, har da damina guda, ba ta dawo ba. Abin da ya fi damuna tun farko shi ne kada santsin ya yi yawa aksul ya daina riƙo, domin hakan na faruwa in an cika sinadarin: ƙara za ta tafi, amma motar ta koma tamkar mai aksul na gama-gari. A watan Agusta na gwada a hanyar fadama, da buhu goma a baya, tayar hagu cikin taɓo, ta dama a kan ciyawa. Ta ɗan wulwula, sannan ta dama ta ciza, muka fita ba tare da an tura ba. Na gamsu.

Sai dai ba kowace a-kori-kura ke buƙatarsa ba. Aksul na gama-gari ba shi da farantai, zuba masa asarar kuɗi ce. Akwai kuma masu hana zamewa da haƙoran giya zalla, irin Torsen, da kuma Truetrac da kamfanin Eaton ke yi, su ma ba sa so. Da yawa daga cikin Hilux masu jan taya huɗu da suka fito daga 2015 makullin aksul ake sa musu, wanda ake danna maɓalli ya kulle tayoyin baya su juya tare, don haka a duba littafin mota kafin a sayi komai. In kuma man da ka saya yana ɗauke da LS, sinadarin na ciki, kada ka ƙara sai in ka ji kakkarwa, shi ma kaɗan-kaɗan, kana gwadawa a kwana.

Ni dai juyi na gaba, in Allah ya kai mu, mai LS zan nema kai tsaye a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano tun kafin lokaci ya yi, kwalba ɗaya ta XL-3 kuma tana ajiye a akwatin kayan aiki. Na sa an wanke takardar nan ta jikin aksul, na kuma rubuta LSD da jan fenti kusa da notin sama, yadda duk wanda ya kwanta ƙarƙashin motar zai gani kafin ya ɗauko galan.