Wata huɗu ina awo da manhajar Fiji: abin da na gani

Aikina na digiri na biyu a nan Maraɗi kan saiwar gero ne. Ina auna girman cibiyoyin ƙwayoyin halitta da ke bakin saiwar, in kwatanta geron da ya sha ruwa da wanda aka bari da ƙishi. Hotunan wani abokin aikin Malam, mai duba aikina, ne ya ɗauko mana su a Faransa da madubin konfokal, wani irin madubin ƙara girman ƙananan abubuwa, bayan an rina naman saiwar da DAPI, rinin da ke kama DNA ya haska shuɗi. Irin wannan madubi yanka-yanka yake ɗaukar hoto, daga sama zuwa ƙasa, kamar ana yanka albasa. In an jera yankan sai a sami tsawo da faɗi da zurfi.

Manhajar Imaris aka fara ambata mini, amma kuɗinta ya fi ƙarfinmu. Sai na sauke Fiji, wadda kyauta ce. Fiji ɗin manhajar nazarin hotuna ta ImageJ ce aka ƙara wa kayan aiki, ita kuwa ImageJ Wayne Rasband ne ya fito da ita a 1997 a cibiyar binciken lafiya ta NIH da ke Amurka. Ba ta neman intanet in ka riga ka sauke ta, har a kan kile (USB) ana iya yawo da ita. Wanda ya san yadda rezo yake yi mana zai gane darajar wannan.

Abin da na fi mora a cikin kayan aikinta shi ne 3D Objects Counter. Kana sa masa iyakar haske, duk abin da ya haura ya ɗauke shi a matsayin cibiya, ya ƙirga, ya fitar da tebur na girman kowace. Aikin da zai ci mini mako da hannu, kafin shayi ya huce ya gama.

Sai dai na sha kunya sau ɗaya, kuma laifina ne. Hotunan sun iso mini ɗaya-ɗaya, bayanan ma'auninsu sun ɓace a hanya. Na san faɗin kowane ɗigon hoto maikiron 0.2 ne (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), sai na rubuta 0.2 a tsawo da faɗi da zurfi duka. Alhali tazarar da ke tsakanin yanka da yanka maikiron 1 ce. Na kai wa Malam sakamako ina ta murna. Ya gyara tabarau, ya daɗe yana duban takardar, sannan ya ce, "Ɗiyata, waɗannan cibiyoyi naki yunwa suka sha? Juya mini hoton ta gefe." Da na juya, ga su nan a shafe kamar ƙuli-ƙulin da aka taka. Girman kowace cibiya ya ragu ninki biyar, kuma manhajar ba ta da hanyar sanin haka, abin da na ba ta shi ta lissafa. Yanzu kafin komai sai na leƙa Properties, inda ma'aunin hoton yake, na duba zurfin. Na kuma roƙi a riƙa turo ainihin fayil ɗin madubin, domin Bio-Formats da ke cikin Fiji yana karanta ma'aunin da kansa.

Iyakar hasken ma abin lura ce. Can cikin naman saiwa haske yana raguwa, cibiyoyin ƙasa su fito dishi-dishi, sai su zama kamar sun fi na sama ƙanƙanta. In ka sassauta iyakar kuma, biyu da ke manne su koma ɗaya. Wani kayan aikin, MorphoLibJ, ya taimaka mini wajen raba su, amma har gobe ina bin wasu da ido.

Ta wajen nauyi, yanka 120 na hoto mai ɗigo 1024 sau 1024 ya kai kusan mega 240 a launi ɗaya. Kwamfutata mai ƙwaƙwalwar aiki (RAM) giga 8 tana ɗauka, matuƙar ban buɗe uku a tare ba, kuma a zafin Afrilu sai na ɗora ta kan tire mai ƙafa don ta sha iska. Komai na cikin Fiji da Ingilishi yake, mu da muka yi lakkwal da Faransanci sai da ƙamus a makon farko.

Ƙanena da zai fara nasa aikin kan hantar ɓera na riga na zuba masa Fiji a kile, da ƴar takarda manne a jiki: duba zurfi tukuna.